Kama da Wane Ba Ta Wane: Man Giya da Lafiyar Motocinmu

Laccar da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakuna da hakimai, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, shugabannin wannan ƙungiya, iyayenmu mata, direbobi da kanikawa da aka gayyato musamman, da sauran 'yan uwa na ƙasar Tambuwal da ta Kebbe, na gida da waɗanda suka taso daga nesa, ina yi muku barka da zuwa. Kwamitin shirya taro ya umurce ni da in yi magana a kan man giya. Kafin malamai su fara gyaran murya, bari in yi saurin cewa giyar mota nake nufi.

Na san akwai waɗanda suka ga jadawalin taro suka yi mamaki, ganin ga maganar makarantu, ga ta asibiti, ga ta ruwan sha, amma aka ware lokaci domin man mota. Amsata ita ce, bayan gida da gona, mota ita ce dukiya mafi girma da yawancinmu muka mallaka, kuma ga direban haya ita ce gonar ɗungurungum. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kusan kilomita 100 ne, daga Kebbe kuwa abin ya fi haka. Duk majinyacin da aka tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, duk mai naƙudar da haihuwa ta zo wa da gardama, a cikin motar ɗayanmu za a ɗauke su. Kowa a nan ya san halin da hanyoyinmu suke ciki idan duhu ya yi, don haka motar da ta tsaya a daji bayan magariba ba asarar kuɗi kaɗai take jawowa ba.

Dattawan da ke zaune a gaba za su tuna zamanin da motar Arewa ita ce Fijo. Kamfanin PAN ya fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, kuma 504 da 505 su ne suka raini kanikawanmu. Giyarsu ta hannu ce, ga kuloci a ƙafar hagu, ga mai a cikin akwatin ƙarfe wanda aikinsa kawai ya hana haƙora cin juna. Ko ka yi sakaci da shi, zai daɗe yana yi maka haƙuri. Daga shekarun 1990 sai motocin Beljiyam suka fara kwararowa ta Kwatano da Legas, daga baya na Amurka da Kanada suka rinjaya, kuma mutanen waɗannan ƙasashe biyu kusan duk otomatik suke hawa. Yau in ka tsaya a bakin titin da ya taso daga Jega ya ratsa Tambuwal ya nufi Shagari da Bodinga, za ka ga Camry da Corolla da Accord da Sienna sun fi ƙarfin ƙirga. Motocin sun canza, amma hannun da ke kula da su, da kunnen da ke sauraronsu, har yanzu na zamanin 504 ne. Nan ne tushen asarar da muke yi.

Bari in ɗan buɗe muku cikin akwatin giyar otomatik, wanda kanikawa ke kira giyabos, domin wanda bai san aikin man ba ba zai ga dalilin wahalar zaɓensa ba. Tsakanin inji da giyabos akwai wata tukunyar ƙarfe a rufe ruf, cike da mai, ita ce tok konbata. A cikinta akwai fanka biyu suna fuskantar juna. Inji yana juya ta farko, ita kuma ta watsa mai da ƙarfi a kan ta biyu, ta biyun ta juya, ƙarfi ya wuce zuwa taya. Wato a lokacin tashi, mai ne kansa yake ɗaukar nauyin mota da fasinja da kaya. Bayan wannan akwai famfo da ke tura man cikin wasu siraran hanyoyi masu kama da gidan tururuwa, inda kwamfutar mota ke buɗe wannan ƙofa ta rufe waccan. Ƙarfin man ne ke matse jerin faya-fayan kuloci da ke ciki, matsewar nan kuwa ita ce canjin giyar da kake ji. Faya-fayan nan an lulluɓe su da wani abu mai kama da takarda, kaurinsa bai taka kara ya karya ba, kuma a cikin man suke kwana suke tashi. Man ne kuma ke shafe haƙora, shi ne ke kwashe zafi ya kai shi lagireto. Aiki huɗu ke nan a kan abu ɗaya.

Aikin da ya fi wuya a cikinsu shi ne na kuloci. Ana son man ya yi santsi domin haƙora, ana kuma son kada santsin ya hana faifai kama ɗan uwansa. In ya cika santsi, faifai ya riƙa zamewa har ya ƙone. In ya cika kamu, giya ta riƙa shiga da duka kamar an harbi motar daga baya. Kowane kamfani yana auna faya-fayansa da ƙarfin famfonsa da lissafin kwamfutarsa a kan wani mai takamaimai, mai kauri kaza da sinadari kaza. Saboda haka ni a wurina man giyar otomatik kayan gyara ne, kamar fistin ko fulogi. Babu bakaniken da zai ɗauki fistin na Golf ya cusa a injin Honda don kawai dukansu zagayayyu ne.

Amma abin da muke yi da mai ke nan kullum. Mutum ya shiga shago ya ce a ba shi jan mai, a miƙo masa, ya biya ya tafi. Jama'a, jan nan rini ne. An zuba shi ne domin in an ga ɗigo a ƙasa a bambance shi da baƙin mai na inji. Ba ya faɗin komai game da abin da ke cikin galan. Akwai man giya na Nissan da yake kore, akwai na Peugeot da yake ruwan zuma, kuma a cikin jajayen ma akwai iri fiye da goma da ba sa maye gurbin juna. Hausawa suka ce kama da wane ba ta wane.

Yadda aka yi irin ya yawaita yana da ɗan tarihi. Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara sayar da giyar otomatik da yawa, a motocin Oldsmobile na 1940. A 1967 ya fito da ma'aunin mai da ya sa wa suna Dexron, aka yi Dexron II a 1973, aka yi Dexron III a 1993. Wani abin mamaki, har zuwa farkon shekarun 1970 ana haɗa man giya da kitsen wata ƙatuwar dabbar teku, sai da Amurka ta hana cinikin wannan kitse aka nemi madadinsa. A wancan zamani kamfanoni da yawa, har da Toyota, Dexron suke rubutawa a littafin motocinsu, shi ya sa bakaniken da ya koyi aiki a lokacin ya tashi da imanin cewa man otomatik ɗaya ne, kuma a zamaninsa bai yi nisa da gaskiya ba. Daga baya giyoyi suka ƙaru daga uku da huɗu zuwa biyar, shida, har takwas, kowane kamfani ya kama gabansa. General Motors kansa ya fito da Dexron VI a 2005, ya daina ba da lasisin Dexron III daga ƙarshen 2006. Ma'anar wannan ita ce, duk galan ɗin da ka gani yau an rubuta masa Dexron III, mai sunan ba ya duba shi, shaidar wanda ya haɗa shi kawai kake da ita. Akwai kamfanonin kirki da har yanzu suke yin sa da kyau domin tsofaffin motoci, akwai kuma waɗanda sunan kawai suka ara.

To, mu dawo kan motocin da ke fake a wajen wannan zaure. Camry da Corolla na shekarun 1990 Dexron suke sha. Corolla ta 2003 zuwa 2008, da Camry ta 2002 zuwa 2006 wadda 'yan kasuwa ke kira Big Daddy, nasu shi ne Toyota T-IV. Camry daga 2007, wadda ake kira Muscle, ta koma Toyota WS, wanda ya fi T-IV ruwa-ruwa, kuma kamfanin ya ce kada a musanya su. Honda dabam take da kowa, domin ginin giyarta ma dabam ne: nata shi ne ATF-Z1, wanda daga baya aka maye gurbinsa da DW-1. Peugeot 406 da 307 masu giyar da ake kira AL4 suna son mai mai lamba LT 71141. Ban kawo waɗannan sunaye don a haddace su ba. Na kawo su ne don a ga cewa motoci biyu na kamfani ɗaya, masu suna ɗaya, shekara ɗaya tak tsakaninsu, suna iya bambanta. Inda za ka sami gaskiyar motarka shi ne littafinta, ko jikin sandar awon man, wato geji, domin Toyota kan buga sunan man a kansa. In babu littafi, lambar jikin mota mai harafi da alƙaluma 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta isa, duk yaron da ke da waya mai intanet zai nemo maka shekarar motar da irin giyarta.

Akwai wani iri da nake so kanikawa su buɗe kunne a kansa, domin yanzu yake shigowa ƙasarmu da yawa. Shi ne CVT. Daga waje ba ka bambance shi da otomatik, sandar giya ɗaya ce, P da R da N da D. A ciki kuwa babu jerin giyoyi, sai wani bel na ƙarfe da ke gudu tsakanin gargare biyu masu buɗewa da tsukewa. Nissan Murano da Altima daga 2007, Accord mai silinda huɗu daga 2013, da yawancin Corolla na Amurka daga 2014, duk shi ne a jikinsu. Mansa an yi shi ne don ya sa ƙarfe ya kama ƙarfe. Nissan na da NS-2 da NS-3, Honda na da HCF-2, Toyota ma na da nata. Wanda ya zuba jan mai na gama-gari a CVT, bel zai riƙa zamewa yana kankare gargaren, kuma wannan ɓarna ba ta gyaruwa da sake mai. Ita kuwa ɗabi'ar zuba mai lamba 90 na giyar hannu, mai warin nan, ko baƙin man inji, a cikin kowace irin otomatik, ba ta bukatar dogon bayani, yanka ne ba tare da wuƙa ba.

Zaɓen mai rabin magana ne. Ɗaya rabin shi ne zafi. Man giya yana jin daɗin aiki a wajen digiri 80 a ma'aunin Salshiyas, kuma ƙa'idar da masana mai suke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 a kan haka yana ninka saurin lalacewarsa. Mu kuwa a watannin Maris da Afrilu da Mayu iskar da muke shaƙa ma takan haura digiri 40. Ɗora wa wannan lodin buhunan gero ko albasa, da fasinja huɗu a baya biyu a gaba, da yashin hanyoyin ƙauyukan Kebbe inda mota ke nishi a giya ta ɗaya da ta biyu, tok konbata na ta dama mai kamar ana dama fura. Littattafan motoci suna da jadawali biyu, na tuƙin yau da kullum da na tuƙin wahala, kuma abin da suka lissafa a ƙarƙashin wahala shi ne zafi da ƙura da kaya masu nauyi. Wato abin da Bature ya kira wahala shi ne yau da kullum ɗinmu. Saboda haka idan aka ce maka man motarka na har abada ne, ba a canza shi, ka tuna ba a hanyar Kuchi aka gwada wannan magana ba.

A nan ne lagireto ya shigo. A yawancin motocinmu, bututun da ke sanyaya man giya a cikin lagireto yake bi. Lagireton da ya toshe da laka, ko fankar da ta mutu, suna dafa giya kamar yadda suke dafa inji, sai dai inji yana da allurar da za ta gaya maka, giya kuwa shiru take yi. Sannan al'adarmu ta ɗura ruwan rijiya ko na burtsatse a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji tana cin ƙarfe daga ciki. Ranar da bututun nan ya huje, ruwa ya haɗu da mai, za ka zaro geji ka ga abu kamar an dama madara da jan zoɓo. Wanda ya ga haka ya kashe mota nan take, domin ruwa yana saɓule lulluɓin faya-fayan nan daga jikin ƙarfensu. Haka ma wanda ya kutsa cikin ruwa mai zurfi da damina ya kamata ya duba man washegari, don giyabos na da ƙofar shan iska a samansa.

Duba man ba ya cin minti biyar, amma yana da ƙa'ida. A Toyota mai geji, sai mota ta yi tafiya ta ɗauki zafi, a tsaya a wuri mai daidai, a taka birki a zagaya da sandar giya kowane matsayi a dawo P, a bar inji yana aiki, sannan a zaro. A Honda kuwa kashe inji ake yi, a auna cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wanda ya auna Honda da ƙa'idar Toyota, ko Toyota da ta Honda, zai sami amsar ƙarya. A goge gejin da farin ƙyalle marar zare, a duba, a kuma sansana. Mai lafiya garau yake, kana ganin ƙyallen ta cikinsa. Wanda ya koma ruwan ƙasa ya tsufa. Wanda ya yi baƙi yana ƙauri, faya-fayai sun fara ƙonewa. Ƙarancin mai yana sa famfo ya zuƙi iska, yawansa kuma yana sa ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta matse kuloci, don haka masu cewa a ƙara kaɗan don ihtiyaɗi ba alheri suke yi wa motar ba. Sababbin motoci da dama, da ita AL4 ta Peugeot, ba su da geji sam. Ana auna su ne ta wani noti a ƙasa, a wani zafi ƙayyadadde, wanda a Toyota da yawa yake wajen digiri 40, a AL4 kuma wajen 60. Wannan aiki sai da na'urar da ke karanta zafin man daga kwamfutar mota. Taɓa kwano da tafin hannu ba awo ba ne.

Yaushe za a canza? Shawarata ga mai mota a ƙasarmu ita ce tsakanin kilomita 40,000 da 60,000, direban haya ya tsaya a ta farkon. A lura, motar Amurka da mil take ƙirga, kuma mil ɗaya ya ɗan haura kilomita ɗaya da rabi. Wanda ya sayi Beljiyam kuwa kada ya dogara da abin da agogon ya nuna, dukanmu mun san ana mai da hannun agogo baya kafin mota ta iso kasuwa. Ya duba man a makon farko, in da hali ya canza, ya fara ƙirgarsa daga nan.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce ta tsiyayewa da cikawa. A kwance notin ƙasa, a tari abin da ya fito a mazubi, a auna shi, a mai da sabo daidai wannan awo, sannan a tabbatar da geji. Abin da ke fita bai kai rabi ba, a Accord wajen lita uku ne, saura yana cikin tok konbata da bututai. Saboda haka in man ya tsufa ƙwarai, sai a yi tafiyar kwana biyu a sake, har sau uku, yadda sabo zai rinjayi tsoho a hankali. Inda giyar ke da kwano a ƙasa, a sauke shi, a wanke, a canza matata da gaskit. A cikin kwanon akwai maganaɗisu, ku ce bakanike ya nuna muku shi. Laushin toka-toka a jikinsa ba komai ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli labari ne marar daɗi. Kada a yarda a ɗura fetur ko kananzir ko gas a giyabos da sunan wanki, kuma a yi aikin a inda iska ba ta kwaso ƙasa, musamman da hunturu, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta maƙale ƙofa a waɗancan siraran hanyoyi. Tsohon man kuma a tara shi a jarka, kada a zubar kusa da rijiya ko fadama, kada kuma a shafa wa dabba a miki.

Akwai maganar da ta zaga gareji-gareji, cewa canza man giya shi ke kashe ta, wane ya canza, bayan mako guda motar ta ƙi tafiya. Ba zan ƙaryata waɗanda suka gani da idonsu ba, abin yana faruwa. Amma ku tambayi mai motar me ya kai shi canza man. Za ku tarar sai da giya ta fara jinkirin shiga da safe, ko inji ya riƙa kuka mota ba ta ja, sannan ya tuna da shi. A lokacin faya-fayan sun riga sun cinye, garinsu da ke yawo cikin tsohon man shi ne ɗan abin da ya rage yana kamawa. Da aka zubar da shi sai asiri ya tonu. Sau da yawa kuma man da aka zuba ba nata ba ne. Giyar da ake canza wa mai a kan kari, da irin nata, ban taɓa ganin sabon mai ya cuce ta ba. Wadda kuwa ta riga ta yi baƙi tana ƙauri tana zamewa, gaskiyar da ya kamata bakanike ya gaya wa mai ita ita ce ya fara tanadin gyara, kada ya karɓi kuɗin mai ya yi masa alkawarin warkewa.

Wani abin kuma, ba kowace gardamar giya ce ke bukatar sauke giyabos ba. Masu 406 sun san yadda takan yi wata ƙara ta maƙale a giya ta uku, fitilu na ƙyaftawa. Sau da yawa wasu ƙananan ƙofofin lantarki ne guda biyu suka gaji, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin giyabos ba. A wasu motocin waya ce ɓera ya ci, ko na'urar auna gudu ta mutu. Duk motar da aka sayar a Amurka tun daga 1996 tana da soket a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'ura ta faɗi inda ke ciwo. Kafin a aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas a sayo wani giyabos wanda shi ma ba a san tarihinsa ba, a fara jona na'urar nan.

Sai maganar jabu, wadda ta fi kowace ciwo. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, farashin man kirki ya yi sama, masu haɗa na ƙarya suka sami kasuwa. Suna sayen galan ɗin da aka zubar, su ɗura mai marar sinadari, su diga rini, su liƙe. Irin wannan jan mai yakan yi aiki a sitiyarin wasu motoci ba a gane ba, shi ya sa mai shago zai rantse maka cewa ba a taɓa dawo masa da shi ba. Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin irin waɗannan kaya, amma ba za ta tsaya a kowane shago ba, dole mai saye ya zama ɗan sandan kansa. Ka saya a wurin dilan da aka sani, ka karɓi rasit, ka duba hatimin murfi da lambar da aka buga, ka karanta bayan galan ka ga ko an ambaci irin na motarka ƙarara. Akwai manyan kamfanonin mai da ke yin iri ɗaya mai dacewa da motoci da dama, ba laifi in sunan naka yana cikin jerin, in babu kuwa ka ajiye. Ka guji na awo da ake tsiyayowa daga buɗaɗɗen duro. A buɗe galan a gabanka, in an gama ka huda shi da wuƙa kafin ka yar. Wanda aka ce ya fi na ko'ina sauƙi da rabi, to araha ba ta ado.

Ga direbobi, 'yan kalmomi kaɗan. A tsaya cak kafin a tashi daga D zuwa R. A kan gangara a ja birkin hannu kafin a sa P, domin abin da ke riƙe mota a P wani ɗan ƙugiya ne da bai fi yatsa ba. In mota ta kafe a yashi, kada a yi ta wasa da ita gaba da baya ana taka totur, minti kaɗan na wannan ya isa ya dafa man, gara a sauka a haƙa a tura. A cikin yashi ko da kaya masu nauyi a sa ta a 2 ko L, kada a bar ta tana hawa tana sauka. Sakin mota a N a kan gudu don tsimin fetur ba ya tsimin komai. Idan kuma ta mutu a hanya, a sani famfon man ba ya aiki sai inji na juyawa, saboda haka jan ta da igiya daga Dogon Daji har Sakkwato, tayoyin da ke ja suna ƙasa, yana iya mai da ƙaramin gyara ya zama babba. A ɗora ta a kan wata motar, ko a ɗaga tayoyin.

Ranku ya daɗe, ina da roƙo ga shugabannin ƙungiya. Kanikawanmu ba su gaza ba, mutanen da suka riƙe 504 shekara talatin a kan hanya ba za a kira su marasa basira ba. Kayan aiki da sabon ilimi ne ba su kai gare su ba. Ƙungiya tana iya sayen na'urar binciken nan guda biyu, ɗaya a Tambuwal ɗaya a Kebbe, a damƙa su a hannun shugabannin kanikawa, a riƙa biyan ɗan abin da zai kula da su. Tana iya neman malaman sashen injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi su zo su yi wa matasan garejinmu bita ta mako guda, tare da haɗin kan ƙungiyar NATA ta kanikawa da ta direbobi. Masu shagunan mai da ke cikinmu kuma su haɗa kuɗi su riƙa saro T-IV da WS da DW-1 kai tsaye daga dila, yadda mutumin Sanyinna ko Jabo ba sai ya je birni ba. Kwamitin mujalla kuwa ina roƙon ya ware shafi ɗaya a fitowa ta gaba, a buga jadawalin motocin da suka fi yawa a garuruwanmu, kowace da shekararta da irin manta, yadda za a yanke shi a manna a bangon kowane gareji.

Mai girma shugaban taro, na ga ana nuna mini agogo. Kanikawan da ke da tambaya, zan tsaya a wajen da aka ajiye motoci bayan an tashi, duk mai so ya buɗe bonet mu zaro geji tare.